Katin Mai Sunan Gwaggo

Shafi na 27

Salamu alaikum mutanen gidan nan. Masu goyo ku sauke ku ba su abinci tukuna, karatun ba ya gudu. Bismillah.

*

"Huseina, kira mai bi."

Sista Glory ce ta yi maganar, kanta a sunkuye kan babban littafin da take cikewa.

Huseina ta kai hannu kan tulin katunan da ke gabanta ta zari na sama. Idonta na sauka kan kalmar farko ta kife shi, ta tura shi gefe, ta kai hannu ga na ƙasansa.

"Wancan fa? Me ya yi miki?"

"Na Kezia ne, Sista."

"Kezia tana ɗakin allura. Yau tebur ɗaya gare mu."

Huseina ta bar katin a kife.

Sati huɗu ke nan da makarantar koyon aikin jinya ta turo su wannan ƙaramin asibiti na Kurfi su koyi aiki da hannu. Duk Alhamis ake awon yara masu tamowa. Tebur biyu ake kafawa, ita a ɗaki, Kezia a rumfar baya. Baba Lado, dattijon da ke karɓar katuna a bakin ƙofa, tun ranar farko ya gano lagonta. Duk katin da ya ga an rubuta Hadiza sai ya wuce da shi rumfa, ba ta ma ganinsa.

Sunan surukarta ne. Shekara goma sha shida da aure, bakinta bai taɓa furta shi ba. Ko lokacin da take koyarwa a firamare a Dutsin-Ma, shekara goma sha uku tana kiran suna kowace safiya, in ta iso wurin sai ta ce "mai sunan Gwaggo," yarinya ta amsa, aji ya yi dariya, a wuce.

Yau Baba Lado ya tafi jana'iza. Katunan a cakuɗe suka zo.

Sista Glory ta ajiye biro ta dube ta ta saman tabarau.

"Sunan nan ne kuma?"

"Sista, ki yi haƙuri, ke ki kira mini wannan ɗaya."

"Shekarata ashirin a ƙasar Katsina, na san kunya, ina kuma girmama ta. Amma ranar da kika tsinci kanki ke kaɗai a ɗakin haihuwa, mata uku a kwance, biyu sunansu ɗaya, me za ki ce? Mai sunan Gwaggo ta dama ta yi nishi?"

Matar da ke ɗaure goyonta a bakin ƙofa ta tuntsire da dariya ta fita.

"Buɗe katin. Ki kira yadda za ki iya, amma ke za ki kira."

Huseina ta jawo shi ta buɗe.

Hadiza Mutawakkil.

Barkiya.

Wata goma sha tara.

Zuwa na uku.

A ƙasa, wurin da ake rubuta launin awo, rubutun Kezia ne sau biyu. Ja. Ja.

Ta sake karantawa daga sama, kamar in ta maimaita haruffan za su sauya.

Mutawakkil sunan mijinta ne. Barkiya garin Gwaggo ne. Wata goma sha tara kuwa ba sai an lissafa mata ba, ita ta yi naƙudar. Autarta ce aka raɗa wa sunan kakarta, ake ɓoyewa da Surayya. Wata biyar da suka wuce ta cire ta daga nono da hannunta, tun lokacin yaye bai yi ba, saboda shekara ta biyu a makaranta ba ta ɗaukar goyo. Ita ta haɗa mata kaya a jaka aka kai ta wurin Gwaggo.

Ta ce a ranta, ai Mutawakkil ba ɗaya ba ne a duniya.

"Huseina, rana tana yi."

Ta miƙe. Ƙafafunta suka kai ta bakin ƙofa.

Mata sun cika benci uku, wasu a ƙasa kan tabarma, yara na kuka ƙasa-ƙasa irin kukan da ba shi da ƙarfi. Ta buɗe baki, muryar ta fito siririya.

"Mai sunan Gwaggo... daga Barkiya."

Mata suka dubi juna. Wata ta ce, "Wace Gwaggon? Kowa nan da gwaggonta, Malama."

Ba ta saurare ta ba. Idonta yana can ƙarshen benci na uku, inda wata tsohuwa ta ja hijabi har goshi, ta juya fuska ga bango. Duk wurin ita kaɗai ce ba ta waiwayo ba.

Zanen da ke ƙasan hijabin Huseina ce ta zaɓo shi a kasuwar Dutsin-Ma da ƙaramar Sallah.

Daga gefen hijabin wata 'yar ƙafa tana lilo.

Ta taka har wurin. Da farin kayanta, a gaban matan nan duka, ta durƙusa.

"Ina kwana, Gwaggo."

Tsohuwar ta daɗe kafin ta juyo.

"Lahiya lau."

"Ya mutan gida?"

"Suna lahiya."

"Layi ya zo kanku."

*

A ɗaki Gwaggo ta zauna a bakin kujera ta kwance goyon, ta ɗora yarinyar a cinya.

Huseina ta tsaya kallo.

Gashin da ta bari baƙi wuluk ya koma ja-ja, ya yi sharaf-sharaf. Kumatu a cike, suna sheƙi. Wuya kuwa kamar kara. Idanun nan manya suka hau kanta, suka tsaya kan farin hijabin, ba su nuna sun san kowa ba.

"Surayya," ta ce a hankali. "Ummanki ce."

Yarinyar ta cusa fuska a ƙirjin Gwaggo.

"Farin kayan ne take tsoro," in ji Gwaggo. "Allura take tsammani."

Sista Glory ta dubi wannan, ta dubi waccan, ta sake duban katin. Ta cire tabarau.

"'Yarki ce?"

Huseina ta gyaɗa kai.

"Kina iya aunawa, ko in karɓa?"

"Zan auna."

Ta ɗauki ma'aunin damtse, ɗan siririn tef mai launi uku. Da safen nan kaɗai ta zagaya shi a hannun yara goma sha ɗaya. Ta kamo hannun hagu, ta nemo tsakiyar damtse yadda aka koya mata, ta zura bakin tef ɗin ta ja.

Ya wuce kore.

Ya wuce rawaya.

Ta tsaya da ja, ta sassauta, ta sake gyarawa ko ta matse da yawa ne.

"Faɗi abin da kika gani," in ji Sista.

"Ja."

"Ƙafa."

Ta ɗora manyan yatsunta biyu a bayan ƙafafun, ta danna, ta ƙirga uku, ta ɗaga.

Wurin ya lotsa. Ramuka biyu suka zauna suna kallonta, ba su taso ba.

"Ai ta fara ƙiba," Gwaggo ta ce da sauri. "Satin ga ta ciko. Dubi kumatun."

"Mama, ba ƙiba ba ce," in ji Sista. "Kumburi ne."

Huseina ta runtse ido. Ranar Lahadi mijinta ya turo mata hoto a waya, fuskar Surayya kaɗai, an shafa mata hoda, an ja mata kwalli. Ta nuna wa duk 'yan ɗakinsu. Ta rubuta masa, Ma sha Allah, Barkiya ta karɓe ta, dubi kumatu. Ita da ta zauna jarabawa a kan kumburin tamowa, ta kuma ci.

Ƙofa ta buɗe, Kezia ta shigo tana goge hannu da tsumma. 'Yar shekara ashirin da biyu ce, a Dutsin-Ma aka haife ta, Huseina ce ma ta koyar da ita a aji huɗu. Yau ga su aji ɗaya, har yanzu Malama take ce mata.

"A'a, Kaka, yau kin guje ni kin shigo ɗaki? To na yi fushi." Ta juya tana dariya. "Malama, ga yarinyar da na ba ki labari wancan satin. Wadda na tambayi ina uwarta, Kaka ta ce tana wurin aiki. Kin tuna? Kika ce irin waɗannan matan haihuwa kawai suka iya, da ke ce hukuma da..."

"Kezia," in ji Sista.

"...da kin sa an kamo ta ta zo ta ga..."

"Kezia."

Sai a lokacin ta lura da fuskar Huseina. Ta dubi katin. Ta dubi tsohuwar. Tsumman ya faɗi daga hannunta.

"Malama, wallahi ban sani ba. Ba ki taɓa faɗa mini sunan maigidanki ba, kullum Baban Ilu, Baban Ilu. Da na sani..."

"Ba ki yi ƙarya ba," in ji Huseina. "Ni na faɗa."

Sista Glory ta yaga bakin ledar abincin tamowa, mai gyaɗar nan da madara, ta miƙa mata.

"Gwada ta. In ta ci, gida. In ta ƙi, kin san sauran."

Huseina ta matso kaɗan a yatsa ta kai bakin yarinyar. Ta kau da kai. Ta bi ta ta ɗaya gefen. Ta sake kau da kai. Gwaggo ta karɓa ta gwada, tana mata 'yar waƙar rarrashi. Surayya ta bar shi a leɓe, ko lasa ba ta yi ba.

"Tun jiya da la'asar rabonta da wani abu," Gwaggo ta ce, muryarta ta faɗi.

Sista ta rufe littafi ta miƙe.

"Kwanciya ce. Babban asibiti, Dutsin-Ma, yau ɗin nan. Bari in nemo direba, wayarsa ba ta shiga, na san yana bakin kasuwa. Kezia, ɗauki tef ki fita rumfa ki rage mini layin nan. Mama, ki rufe ta da zane, kada ta sha iska."

Suka fita. Aka bar su su uku.

*

Huseina ta zauna a ƙasa, bayanta a jikin ƙafar tebur. Ba ta taɓa ɗaga wa Gwaggo murya ba, yanzu ma ba ta ɗaga ba.

"Sati uku, Gwaggo."

Gwaggo ta sunkuyar da kai kan yarinyar.

"Bango ɗaya ne tsakanina da rumfar nan. Ina jin kukan yara ta taga."

"Ina ganinki," in ji Gwaggo. "Ranar farko na hange ki kin fito zubar da ruwa. Na ja hijabi."

"Me ya sa?"

"Mi kike so in ce miki?"

"Ki ce Huseina, 'yarki ba lafiya."

"Sai ki yi mi?"

"Sai in bar komai in zo."

"To shi ya sa."

Gwaggo ta gyara wa yarinyar zane, ta tura ƙafafun ciki.

"Ranar da kika ce za ki bar koyarwa, kin manta abin da aka yi a zauren gidanku? Dangin mijinki suka taru. Aka ce mace ta doshi arba'in, ɗanta har ya shiga sakandare, za ta koma zama da sa'annin ɗiyanta tana wanke kashin mutane. Wa ya tashi?"

"Ke."

"Ni na ce ta tahi. Na ce in goyo ne a kawo mini. Ɗiya bakwai na yaye a ɗakina, ba wanda ya rame. Gabansu na bugi ƙirji." Ta dubi yarinyar. "Sai ga bana. Shanu an kora su kudu tun bazara, ko nonon da za a ɗiga a koko babu. Ta kama gudawa, na ce haƙori ne. Na dafa wannan, na jiƙa wancan. Tana ci, ba ya zama. Da wane baki zan aika miki?"

"Da na roƙa a kai ni Barkiya ranar Lahadi, aka ce hanya ba kyau."

"Hanya dai ba ta da kyau. Amma ba ita ta hana ba."

"Baban Ilu ya sani ke nan."

Gwaggo ta dubi bango.

"Wa kike tsammani ya rubuta katin? Ni ina iya faɗin sunan ɗan fari?"

Mutawakkil ne ɗan farinta. Duk Juma'a da dare yana zuwa tasha ya ɗauko Huseina. Yana tambayarta ya aiki. Tana ba shi labarin yaran da ta auna, har tana cewa Allah ya tsare mana namu. Yana cewa amin.

"Cewa ya yi nan kaɗai ake ba da abincin ga kusa da mu," Gwaggo ta ci gaba. "Ya ce kada in damu, in dai da sunan yanka aka rubuta, katin ba zai taɓa hannunki ba. Ya san ki."

Ya san ta. Kunyar da take taƙama da ita, wadda ake yabonta da ita a dangi, da ita aka rufe mata ido.

Ta kai hannu ƙirjinta ta ɓalle bajon da ke maƙale a hijabin, mai ɗauke da sunanta da na makaranta. Ta miƙa hannu sama ta ajiye shi a kan tebur.

"Mi ke nan?"

"Na gama, Gwaggo."

"Kwana nawa ya rage miki nan?"

"Tara."

"Sai ki ce kin gama."

"Ban dace da shi ba. Tun farko na sani, taurin kai ne. A aji in malami ya yi bayani yaran nan sun kama, ni sai na koma na karanta sau uku. In an zo allura hannuna rawa yake. Ilu ya koyi dafa shinkafa da kansa saboda uwarsa ba ta nan. Ƙanwarsa Nana Fatima ta faɗi jarabawar lissafi, ni da na koya wa 'ya'yan mutane lissafi shekara goma sha uku. Duk na ce ba komai, na ɗan lokaci ne." Ta nuna zanen da ke cinyar Gwaggo. "Wannan ma na ɗan lokaci ne? Hotonta aka turo mini, da kumburi a fuska, na ce ma sha Allah."

"Ni ma ƙiba na gani."

"Ke ba a koya miki ba. Ni an koya mini."

"To da aka koya miki, yau da kika taɓa ba ki gane ba?"

"Bayan me? Alli na iya, Gwaggo. Alli bai taɓa sa na cire yarinya daga nono ba. Da na zauna inda Allah ya ajiye ni, da yanzu tana bayana."

"Watakila," in ji Gwaggo.

Huseina ta ɗago. Ta yi zaton za a musa mata.

"Ba zan ce miki ƙarya ba ne, watakila da tana bayanki. Amma ni ba don ki ajiye ƙarfen ga a tebur na yi Alhamis uku ina ɓoye fuska kamar ɓarauniya ba. In laifi ne mu raba. Ke kin yaye da wuri, ni na riƙe da girman kai, shi ya yi ƙarya. Ki ɗauki naki kason, ki bar mana namu. Kada ki kwashe duka ki tahi da shi gida ki zauna, ki ce mu muka..."

Ta tsaya.

Ta dubi cinyarta.

"Ta yi barci," ta ce. Amma muryar tambaya ce.

Huseina ta taso da gwiwa ta yaye zanen.

Kan Surayya ya langaɓe baya. Idanun a buɗe rabi, farin kaɗai ake gani. Goshinta ya yi gumi, hannun kuwa sanyi ƙalau.

"Surayya."

Ta murza tafin ƙafarta. Ba ta janye ba.

Ta kai kunci kusa da hancinta. Akwai numfashi, siriri.

Tun jiya da la'asar ba ta ci ba. Gumi. Sanyi. Ba ta amsawa.

Sukarin jininta ne ya faɗi.

Ba ta san ta ina maganar ta zo mata ba, ta zo dai a tsaye, kamar an rubuta a allo.

Gwaggo ta wawuri ledar abincin za ta matsa mata a baki.

"A'a, kada ki sa, zai shaƙe ta." Huseina ta riƙe hannunta. Karo na farko ke nan da ta taɓa riƙe hannun surukarta don ta hana ta wani abu. "Kwantar da ita a gefenta. Haka. Rufe mata kai. Kada ki girgiza ta."

Ta ja ƙofar kabad ɗin magani. A kulle. Makullin yana ƙugun Sista.

Ta leƙa taga.

"Kezia, ki ruga ki kira Sista, ki ce ta suma."

Ita kuma ta fita ta ƙofar gaba da gudu, takalmi ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa. Ta tsallake kwatar da ruwan jiya ya cika, ta ƙetare titi, ta nufi teburin mai shayin da ke ƙarƙashin dalbejiya.

"Malam, sukari. Cokali ɗaya. Yarinya ce."

Mai shayin ya buɗe baki zai yi tambaya, ta riga ta sa hannu a gwangwanin ta damƙo.

Tana juyowa ta gan shi.

A ƙarshen benci, bayan babur ɗinsa, hula a gwiwa, kofin shayi a gabansa ya huce har ya yi fata. Mutumin da ya ce mata duk Alhamis yana kasuwar ƙauye sayen hatsi.

Mutawakkil ya miƙe tsaye.

"Huseina..."

"Ɗauko gwangwanin ka biyo ni."

Ba ta tsaya ta ga ko ya ɗauka ba.

A ɗaki ta zube gaban Gwaggo. Ta jiƙa ɗan yatsa da ruwan kofi, ta dangwali sukarin da ke tafin hannunta, ta buɗe ɗan bakin, ta ɗaga harshen, ta shafa a ƙarƙashinsa. Ta sake dangwala ta shafa a cikin kunci.

Hannun bai yi rawa ba. Ta lura da haka, ta ji haushin kanta da ta lura.

"Tana numfashi?" in ji Gwaggo.

"Tana yi."

"Mi ya sa ba ta motsi?"

"Sai ya narke."

Ta bar yatsan a wurin. Gwaggo tana jan salati ƙasa-ƙasa. Inuwar mutum ta tare hasken ƙofa, ta san shi ne, ba ta waiwaya ba. Ta ƙara sukari. Ta kalli agogon bango, sandar daƙiƙa ta zagaya, ta sake zagayawa, ta sake.

Ya Allah, laifin nawa ne, kada ka kama ta da shi.

Wani abu ya motsa a kan yatsanta.

Harshe ne. Ya taɓa, ya janye. Ya sake taɓawa. Sai leɓen ya rufe a kan yatsan, ya ja, ja mara ƙarfi irin na jaririn da aka haifa yanzu.

Wata biyar rabon da bakin nan ya tsotsi wani abu a jikinta.

Hawayen suka zubo, ba ta da hannun share su.

"Miƙo," ta ce ba ta ɗago ba.

Mutawakkil ya durƙusa ya miƙo gwangwanin da hannu biyu.

"Don ki gama ne," ya ce a hankali. "Wallahi don ki gama ne. Na ga saura kaɗan, na ce in ta sha abincin nan sati biyu..."

"Ba yanzu ba."

Surayya ta yi ɗan kuka, siriri kamar na mage. Huseina ta zare ta daga cinyar Gwaggo, ta ɗaga hijabi ta manna ta a ƙirjinta don ta ji ɗumi, ta ja hijabin ta rufe su tare.

Sista Glory ta shigo da sauri, Kezia a bayanta tana haki. Ta duba idon yarinyar, ta taɓa wuya, ta dubi gwangwanin mai shayi a hannun magidanci, ta dubi ƙafar Huseina ɗaya ba takalmi.

"Wa ya ce ki sa a ƙarƙashin harshe?"

"Ba kowa."

"Minti nawa?"

"Huɗu ta fara tsotsa."

Sista ta buɗe kabad ta haɗa ruwan sukari a kofi, ta miƙa wa Kezia da ƙaramin cokali. Idonta ya faɗa kan bajon da ke kan tebur. Ta daɗe tana kallonsa, ba ta taɓa shi ba.

A waje mota ta tsaya, direba ya danna hon.

"Ku saurare ni, lokaci babu," in ji Sista. "Akwai mai naƙuda kwance a bayan motar. Wurin mutum ɗaya ya rage, wanda zai riƙe yarinya. Wanda ya tafi shi zai zauna da ita a can, sati ɗaya, ko biyu, sai yadda hali ya yi."

Ta jawo littafin sa hannun ɗalibai ta ajiye kusa da bajon.

"Huseina, ban iya ƙarya a littafin nan ba, kin sani. Kwana tara ya rage miki. In kika shiga motar nan, zan rubuta ranar da kika tafi. Makaranta kuma ba ta cike gurbi, shekarar za ki maimaita."

Gwaggo ta miƙe ta karkaɗe zanen goyo, ta miƙo hannu biyu.

"Ba ni ita. Ni na lalata, ni zan gyara."

Huseina ba ta motsa ba. A ƙarƙashin hijabi 'yan yatsu masu sanyi sun kama wuyan rigarta.

"Ki ba ta, Huseina," in ji Mutawakkil. "Kusan shekara biyu muka sha. Kwana tara ne. Zan riƙa kai ki duk yamma ki gan ta."

Hon ya sake tashi, wannan karon da tsawo.

Shekara goma sha shida ba ta taɓa kallon tsakiyar idonsa a gaban mahaifiyarsa ba. Ta ɗago ta kalla.

"A'a."

Ta miƙe da yarinyar a ƙirji, ta nufi ƙofa da ƙafa ɗaya ba takalmi.

A bayanta ta ji Sista Glory ta cire murfin biro.